Amsa ga Alhajin da ya ce na hura kuɗin ginin Islamiyya

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ka tashi a gaban jama'a bayan sallar Juma'a ka tambaya: me ya sa ƙiyasin da na ba kwamitin Islamiyyar unguwarmu a Mabera, nan Sakkwato, ya fi na ɗan kwangilarka tsada, kuma aljihun wa rarar za ta shiga? Batun cewa ni yaro ne, na bar maka, Allah ya kai mu shekarunka. Na aljihu ne ba zan haɗiye ba. Masu gidajen da na yi wa lissafi daga Arkilla zuwa Runjin Sambo suna raye, ga su ga ka.

Takardar mutuminka ta tsaya ranar yanka zare, tawa ta bi ginin har shekara 20. Sayen doki rana ɗaya ne, harawa kuwa kullum, kai da ka tashi gidan sarauta ba sai na gaya maka ba.

Ɗauki rufi kawai. Ya sa kwano mai shara-shara, ba silin kirki, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Robar da ke kan ƙusar kwano rana ce ke gasa ta har ta tsage, iskar farkon damina ta girgiza ƙusar, ruwa ya bi ramin ya sauka kan katako. Shekara ta farko tabo ne a sili, daga baya katakon ya ruɓe, gara ta ƙarasa aikin. Sai a koma bin iyayen yara da kokon bara. Ni na sa kwano mai kauri, rufi mai tsawo, katako mai magani, da baranda a yamma don rana kada ta doki bangon aji bayan azahar.

Sai manyan tagogin gilashin nan da kake yabo. Sun yi kyau a hoto, ban musa ba. Amma ajin gilashi a Sakkwato dole ya nemi na'urar sanyaya ɗaki, wa zai biya ta? Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 litar fetur ta haura naira 500 cikin kwanaki, ba ta kuma dawo ba. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni, naira 225 kowane yunit. In ka ce sola, batir ma zafi na cin ransa, sai an sake. Ga famfon burtsatse, ga kwasar shadda, ga fenti bayan ƙurar hunturu, ga albashin mai gadi. Ko ɗaya ban gani a takardarsa ba. Cewa surukinka ne ke da shagon gilashi, wannan na ɗauka katari ne kawai.

Abin da ke ci mini rai ya ma wuce ka. Mai kuɗinmu zai ba da miliyoyi a kafa allo da sunansa, amma ka ce ya ware wani abu na gyara duk shekara, sai ya dube ka kamar ka zage shi. Zaga gari ka ƙirga ajujuwan da iska ta yaye, da banɗakunan da aka garƙame don an rasa mai kwashewa.

Kwamiti zai zauna Asabar bayan la'asar. Ka zo da ɗan kwangilarka, ya rubuta mana abin da ginin nasa zai ci duk shekara, ya sa hannu.

Wassalam,
Ƙanenka mai ƙiyasin gini