Kafin ka kamo hanyar Jos da sabuwar motarka

Jos, Jihar Filato

Aminina,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan alhamdu lillahi, sai hunturu da ya sauko mana da ƙarfinsa.

Na ji daɗin labarin sabuwar Corollarka mai haɗa fetur da batir. Allah ya sa albarka, ya tsare. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mai irin wannan mota ya huta da rabin damuwa. Abin da ya ɗan tsaya mini a rai shi ne niyyarka ta kamo hanya daga Legas zuwa Jos tana fitowa daga kamfani. Don Allah ka bari ta ɗan yi yawo a cikin gari tukuna. Littafin Toyota ya ce a kilomita 300 na farko a guji taka birki da ƙarfi, kuma har zuwa kilomita 1,000 ban da gudun wuce kima, ban da figar mota, ban da daɗewa a kan gudu ɗaya. Doguwar hanya kuwa wannan na ƙarshen take sa mutum.

Maganar iskar taya ce ta fi damuna. Idan ka buɗe ƙofar direba za ka ga wata 'yar takarda manne a jikin ginshiƙi mai nuna yawan iskar da ya dace, ita za ka bi. Lambar da ke jikin taya iyakar iskar da tayar za ta ɗauka ce, amma masu faci da yawa ita suke dubawa, wasu ma bugun tayar kawai suke yi da ƙarfe su ce ta yi. Iska in ta yi ƙasa, mota tana jan jiki da ƙyar, man da ka saye ta don ka rage sai ya tafi a banza. In ta yi yawa, tsakiyar taya ya cinye, riƙon titi ya ragu, ga ramukan hanyar Lokoja. Ka sayi gejinka na auna iska, ka riƙa aunawa da sassafe kafin taya ta ɗau zafi. Kana isowa nan ka sake aunawa, domin sanyi yana rage iska, tudun Jos mai kusan mita 1,200 kuma yana ɗaga abin da geji ke nunawa.

A dawowa, wajen gangaren Hawan Kibo, ka mayar da giya kan B, injin ya taya birki riƙe motar. Sannan akwai kafar iska a gefen kujerar baya da ke sanyaya batir. Kada yara su toshe ta da kaya, kuma ƙurar hunturu tana cika ta.

Ka sanar da ni ranar tasowa don mu shirya tarbarku. A gaishe mini da uwargida da yara.

Naka,
amininka na Jos