Kar A Danna "Format" Idan Faifan Kwamfuta Ya Ƙi Buɗewa

Ranka ya daɗe Edita,

Ina da ɗan shagon buga takardu a Titin Bauchi, kusa da Jami'ar Jos. Ka ba ni fili in ja kunnen 'yan'uwana masu kwamfuta.

Watan jiya aka ɗauke wuta ina tsakiyar kwafar aikin wata ɗaliba. Da wuta ta dawo, faifan ajiyata na waje ya ƙi buɗewa, Windows ta ce sai na yi "format", wato in goge faifan in sake tsara shi. Allah ya taimake ni ban danna ba, domin da na danna, da rubutunta na shekara guda ya shiga haɗari. Na sauya wayar da ke haɗa shi da kwamfuta, na sauya ramin USB, na gwada a wata kwamfutar, duk shiru. Sai wani mai gyara a Terminus da ke tsakiyar Jos ya kasa kunne ya ji faifan yana juyawa lafiya. Ya ce tsarin fayilolin ne ya lalace, ya kwato kusan komai da manhajar TestDisk, wadda kyauta ce, ya zuba a wani faifan daban.

Amma in kun ji faifai yana ƙas-ƙas-ƙas, ku kashe shi nan take. Farantin ciki yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, kan allurar da ke karanta bayanai kuwa in ya taɓa shi, kankare bayanan yake. Kar ku kwance shi a shago, balle da ƙurar hunturun Jos. Masu cewa a sa shi a firji ma kar ku saurare su, raɓa ce za ta shiga.

Yanzu duk aikin da na buga, kafin in rufe shago sai na tura wa mai shi kwafi ta imel.

Naka,
Mai shagon buga takardu, Unguwar Rogo, Jos