Shagon Golf Ɗinmu Ya Ƙone, Ana Matsa Mana Mu Buɗe Kafin Gasa

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan shafi. Mu ne masu kula da shagon kayan wasa na wani kulob ɗin golf: ɗayanmu mai koyar da wasa ne kuma mai jarin da ke cikin shagon, ɗayan kuwa mai gyaran sanduna. Gobara ta tashi da dare a ɗakin baya inda ake cajin batura, ta cinye wurin gyara da kusan rabin rufin, 'yan kwana-kwana suka ci ƙarfinta kafin ta iso gaban shagon. Ba a rasa rai ba, alhamdulillahi. Ginin na kulob ne, hajar tamu ce, jakunkunan da ke ɗakin ajiya kuma na mambobi ne.

Ga damuwarmu. Kwamitin kulob yana so a share wurin, a shafa fenti, a buɗe kafin babbar gasar shekara. Jami'in tantance asara na kamfanin inshora kuma ya tsaya a kan cewa duk abin da wuta ba ta lasa ba zai sayu. Mu kuwa mun san zafi da hayaƙi sun yi ɓarnar da ido ba ya gani. Muna so ka duba dalilanmu, sannan ka nuna mana yadda za mu tsaya a kansu ba tare da mun ɓata da kulob ko mun rasa haƙƙinmu ba.

Bari mu fara da sanduna, domin a kansu gardamar ta fi zafi. Sandar golf kashi uku ce: kai, ƙota da robar mariƙi. Gam ɗin ifoksi ne kaɗai ke riƙe kai a jikin ƙota, kuma duk mai gyara ya san da zafi ake raba su. A hura wa wuyan sandar iska mai zafi na ɗan lokaci, gam ya saki, a zare kan. Abin da muke yi da gangan a kan teburin gyara shi gobara ta yi wa kowace sanda da ke rataye kusa da silin, inda zafi ke taruwa. Gam ɗin ya huce ya sake kamawa, amma ba da ƙarfinsa na farko ba. Kan babbar sandar bugun farko yana da nauyin kusan giram 200, kuma a hannun ɗan wasa mai matsakaicin ƙarfi gudunsa yana kaiwa kilomita 150 a awa. In ya fizge a tsakiyar bugu, duk wanda ke tsaye kusa yana cikin haɗari, kuma sunan shagonmu ne a kan rasit.

Ƙotar girafait ta fi ba mu tsoro. Zaren kabon ne aka naɗa aka haɗe da wani irin ƙaro, zafi kuma ƙaron yake raunanawa daga ciki, fentin waje yana nan da ƙyallinsa. Sau da yawa babu tsaga, babu canjin launi, sai ranar da ta karye. Gwajin da za mu iya yi don tabbatar da lafiyarta sai ya lalata ta. Ƙotar ƙarfe ta fi juriya, sai dai ita ma tana da nata ciwon: bututu ce, ruwan kashe gobara ya shiga ta ƙaramin ramin da ke gindin mariƙi ya kwanta a ciki, tsatsa tana cin ta daga inda ba a gani. Ƙari a kan haka, robar da ke lulluɓe wayoyin wuta in ta ƙone tana fitar da iskar da ke zama asid da zarar ta haɗu da danshi, kunkunniya kuma ita ke ɗauke da shi ta sauke a kan kowane ƙarfe. Cikin 'yan kwanaki sai ka ga ɗigo-ɗigon tsatsa a fuskar sandunan da ko ɗumi ba su ji ba.

Ra'ayinmu shi ne a yi kashi biyu. Duk sandar da ta kwana a inda roba ta narke ko fentin bango ya kumbura, a lissafa ta cikin asara. Na gaban shago masu ƙotar ƙarfe ana iya ceto kawunansu: a zare, a kankare tsohon gam, a sa sabuwar ƙota da sabon mariƙi, a sake auna kusurwar fuska da nauyin lilo, wato nauyin da ake ji a hannu lokacin bugu. Amma aikin kowace sanda da kuɗin kayanta sai a sa su a lissafi, kuma bayan haka ba ta amsa sunan sabuwa.

Ƙwallaye ma haka. Dokar wasan golf ta ce nauyin ƙwallo kada ya wuce giram 45.93, faɗinta kada ya gaza milimita 42.67, kuma ɗan karkacewa kaɗan yana canza yadda take tashi da yadda take gangarawa. Fatar da yawancinsu ke da ita, wadda ake kira Surlyn, tana laushi kafin zafi ya kai na tafasar ruwa. Kwali yana iya fita lafiya alhali abin da ke cikinsa ya taɓu. Safar hannu ta fatar tunkiya in ta jiƙe ta bushe sai ta sandare. Riguna da huluna da takalma sun sha wari, wanki kuma yana mayar da su kayan hannu ko da warin ya fita.

An ba mu shawarar a kulle shagon a saka injin iskar ozon don kashe wari. Muna jan hankalin duk wanda ke cikin irin halinmu: ozon yana tsattsaga roba. Shagon golf kuwa cike yake da ita, daga mariƙai zuwa ƙasan takalma da tabarmar bugu. In za a yi amfani da shi, sai an kwashe waɗannan tukuna, kuma ba a barin mutum a ɗakin. Haka nan kada a fara wanke kunkunniya da ruwa, domin ruwa yana tura ta cikin filasta. A fara zuƙe ta da injin shara mai matacin ƙura mai laushi, a bi da busasshen soson roba, sai daga baya a wanke, a shafe bango da katako da abin toshe wari irin na shalak kafin fenti. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ji warin ya dawo ranar da aka fara zafi.

Game da ginin, abin da muke nema ga kwamiti bai wuce abin da kowane injiniya zai nema ba. Kankare yana komawa ja-ja idan zafi ya kai kimanin digiri 300 a ma'aunin Salsiyas, kuma daga nan ƙarfinsa ya fara raguwa. Akwai ginshiƙai biyu a ɗakin baya masu wannan launi, muna so a ɗebi samfurinsu a gwada kafin a ɗora musu sabon rufi. Ƙarfe yana rasa kusan rabin ƙarfinsa a digiri 600, saboda haka duk wanda ya lanƙwashe a canza shi. Fumfuna tana kama jiƙaƙƙen abu cikin kwana ɗaya zuwa biyu, don haka tuni muka yaye kafet muka jera fankoki, amma katakon da za a rufe da allo sai ma'auni ya nuna danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Wayoyin wuta kuwa ba a yi musu kallon ido. Mai lasisin aikin lantarki ya gwada kowane layi da bolt 500, wanda ƙarfin lulluɓinsa ya gaza megaom 1 a zare shi, duk da mu mun fi so a sake na sashen da ya ƙone gaba ɗaya, a sa wa kowane soket makashin da ke yanke wuta a miliamfiya 30.

Inda muka fi saɓawa da kwamiti shi ne tsarin ɗakuna. Su suna so a mayar da komai yadda yake, domin ya fi sauri kuma inshora iyakarta ke nan. To ai tsohon tsarin ne ya jawo gobarar ta yi girma. A ɗaki ɗaya ake cajin baturan litiyam na kekunan jan jaka, a nan ake ajiye ruwan da muke jiƙa tef ɗin mariƙi da shi, wanda tururinsa ke kama wuta daga kusan digiri 40, a nan kuma tsummoki da kwalaye suke. Baturin litiyam in ya fara zafi daga ciki ba ya tsayawa, kuma yakan sake tashi bayan sa'o'i ko kwanaki da kashe shi, shi ya sa muka fitar da waɗanda suka tsira can waje, nesa da gini, muna jiran masu karɓar irinsu. Baturan darma na ƙananan motocin fili kuma suna fitar da iskar haidurojin lokacin caji, wadda ke iya fashewa in ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki.

Abin da muka zana shi ne ɗakin caji daban, mai ƙofa daga waje, da mafitar iska a sama tunda haidurojin sama take yi, da bango da ƙofa masu jure wuta na minti 60, kowace caja da soket ɗinta, babu jone-jone, kuma wuta ta yanke da kanta bayan an tashi aiki. Ruwan jiƙa tef ɗin ya koma akwatin ƙarfe mai kulle, tsummoki a garwa mai murfi. Na'urar jin hayaƙi a shago da ɗakin ajiya, ta jin zafi a wurin gyara saboda ƙurar yankan ƙota tana ruɗa ta hayaƙi, dukansu a haɗe kuma su iya kiran waya, domin ƙararrawar da ke kuka a ginin da babu kowa ba ta tashin kowa. Kusa da kwamfuta da na'urar auna bugu muna son tukunyar kashe gobara mai iskar kabon, domin mai hoda tana lalata kayan lantarki. Wannan tsari zai ƙara makonni a kan aikin, kuma gasar za ta wuce.

Yanzu ga abin da muke roƙon ka haska mana, Malam. Takardar inshorar ginin ta ce a mayar da shi yadda yake. Shin ɗakin caji na daban ana ɗaukarsa ƙari ne da kulob zai biya daga aljihunsa, ko kuwa in hukumar kashe gobara ta sa shi cikin sharuɗɗan sake buɗewa, kamfanin ya wajaba ya ɗauka? Mu fara neman wannan sharaɗi a rubuce kafin mu koma gaban kwamiti?

Sai batun haja. Mun fahimci cewa a kan farashin sari ake biya, ba na sayarwa ba, wannan ba mu da ja. Amma takardarmu tana da sharaɗin nan na gaza cika ƙima: in darajar kayan da ke shago ta fi adadin da aka yi wa inshora, sai a rage biyan daidai da gibin, wato wanda ya rufe kashi uku cikin huɗu, kashi uku cikin huɗun asararsa zai karɓa. Gobarar ta same mu bayan mun cika kanta don gasar. Kayan da dillalai suka ba mu a kan sai an sayar a biya, da sandunan gwaji da har yanzu mallakar masu ƙera su ne, za a sa su cikin wannan lissafi? Littafin haja ya ƙone tare da kwamfuta, muna sake gina shi daga takardun dillalai da bayanan banki da hotunan da mambobi suka ɗauka a shagon. Wannan zai wadatar a matsayin hujja? Kuma tunda jami'in da ya zo kamfanin ne ke biyansa, lokaci ya yi da za mu ɗauki namu mai tantancewa, ko hakan zai ƙara jan lokaci ne kawai?

In kamfanin ya dage cewa sandunan za su sayu, muna tunanin mu ce ya biya mu ya kwashi kayan, tunda abin da aka biya diyyarsa nasa ya zama. Tsoronmu shi ne a kai su gwanjo da tambarin kulob a jikinsu, su dawo hannun mambobinmu da sunan sababbi. Muna da ikon sa sharaɗin a cire tambari ko a yanke ƙotocin? Wasu a kwamiti kuma sun kawo shawarar mu yi babban rangwame mu rubuta cewa kayan gobara ne. Riga da hula mun yarda. Sanda kuwa, ko mun faɗa wa mai saye gaskiya, wanda kan sandar zai buga bai sa hannu a komai ba. Shin faɗin aibi yana sauke mana nauyi a gaban doka?

Abin da ya fi hana mu barci shi ne kayan mambobi. Jaka ɗaya tana ɗauke da sanduna har 14, da yawansu an auna su ne da tsawon mai su da yanayin bugunsa, wasu an daina ƙera irinsu. Na ɗakin ajiya kulob ne ya karɓi kuɗin ajiyarsu, waɗanda ke kan teburin gyara kuwa hannunmu aka danƙa wa. Allon da ke bango mai cewa ajiya tana wuyan mai ita ya isa ya wanke kulob? Mu fa, da muka karɓa don gyara? Akwai kuma mambobin da suka ci kyautar gasa aka rubuta musu ita a matsayin kuɗin sayayya a shago, rubutun ya tafi da wuta. Niyyarmu mu karɓi maganar kowa mu biya, amma muna so mu san ko furta haka tun yanzu zai zama amsa laifi da zai ba kamfanin inshora hujjar janyewa.

Don kada wasa ya tsaya, mun ba kwamiti shawarar a kawo kwantena a ajiye kusa da wurin bugun farko, a sa ƙwallaye da safar hannu da katin maki da teburin canza mariƙi, a riƙa karɓar rajistar gasa daga nan, ba tare da cajin ko baturi ɗaya a ciki ba. Inshorar katsewar ciniki da muke da ita ta wata 12 ce daga ranar gobara, kuma tana tafiya ko an fara gini ko ba a fara ba. Kuɗin hayar kwantenar yana shiga cikinta? Kuma ribar da za mu samu a can, za a cire ta daga abin da za a biya mu?

Kwamiti zai zauna nan ba da jimawa ba, kuma yawancinsu dattawa ne da muke ganin girmansu, masu son kulob ɗin da gaske. Ta wace hanya za mu gabatar musu da wannan magana: mu rubuta a takarda mu miƙa wa shugaba tukuna, ko mu gayyato injiniya da jami'in kashe gobara su yi bayani da bakinsu a zaman?

Allah Ya ƙara basira, Ya saka da alheri.

Naka,
Masu kula da shagon kulob