Wasiƙa zuwa ga ɗana da ke jinyar tsofaffi a Arizona

Assalamu alaikum Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya zafin garin? Mu nan sai godiya.

Na saurari saƙonka sau biyu. Ka ce a Sun City, da la'asar ta yi sanyi sai tsofaffi su fito a 'yan motocin golf ɗinsu, kowa da kwalbar giyarsa, a taru a ƙofar gidan wani, kuma wanda ba ya sha sai ya zama bare. Kana tambaya ko ka ƙaurace musu. Kada ka ƙaurace. Maganar sha kuwa, ba sai na ce maka komai ba, ka san gidan da ka fito.

Dubi yadda garin yake tukuna. Wani ɗan kasuwar gine-gine, Del Webb, ne ya buɗe shi a ranar 1 ga Janairun 1960, kusa da Phoenix, don waɗanda suka ajiye aiki, kuma ƙa'idarsa sai gida yana da mai shekara 55 ko fiye. Mutum ya sayar da gidansa a can arewa inda ake ƙanƙara, ya baro maƙwabtan shekara talatin, ya zo inda ba jikan da zai hau masa wuya. Ni nan ko ban so ba, salla biyar tana haɗa ni da jama'a, ga majalisa, ga suna, ga jana'iza. Shi kuwa kofin nan ne sallamarsa, da shi yake samun wurin zama. Ai a 2023 babban likitan gwamnatinsu, Vivek Murthy, ya fito ya kira kaɗaici annoba.

Amma shekara 35 na yi ina ba da magani a asibiti, na san abin da nake tsoro. Jikin tsoho ruwansa ya ragu, hantarsa ta rage sauri. Kofin da yake shanyewa yana ɗan arba'in bai ji komai ba, a saba'in da biyar sai ya juya masa kai. Ya haɗu da maganin barci, faɗuwa ce da karayar ƙugu. Ya haɗu da wafarin, maganin hana daskarewar jini, jini ne zai ƙi tsayawa. Mafi yaudara shi ne mai allurar insulin. An taɓa kawo mana wani dattijo yana gumi, yana tangaɗi, magana ba kai, duk aka ce maye ne, a bar shi ya kwanta. Ashe suga ne ya faɗi. Da ba a soki yatsarsa an gwada ba, da kwanciyar ke nan. Ga kuma zafinku: a bazarar 2023 Phoenix ta yi kwana 31 a jere awon zafi yana haura digiri 43 na Celsius, giya kuwa ƙara tsotse ruwan jiki take.

Don haka ka riƙa tambayar kofi nawa ake sha ba tare da ɗaure fuska ba, ka rubuta, ka sanar da likita. Ban da wa'azi, sun haife ka. Wanda zai fi ba ka tsoro ma ba mai surutu a taro ba ne, wanda matarsa ta rasu kwanan nan ne, ya daina fitowa, labulensa a sake.

Idan shugabarka ta amince, ka fita da 'yar butar shayinka ranar hutu, ka dafa musu irin namu, zagaye uku, da na'a-na'a, suga kaɗan. Shayin nan ba ya son gaggawa, kafin a kai na uku an san sunan kowa. Ka koya musu dara, rami 30, kowa da 'ya'ya 12. Za ka ga tsoho ya manta da kofinsa a gefe.

Mahaifiyarka ta haɗa maka ganyen shayi da kanumfari. Ta so ta cusa kilishi, na ce ba a shiga da nama ƙasar, har yanzu fushi take da ni. Ka kira ta ranar Juma'a.

Mahaifinka