Bishiyar Mama Tana Nan a Falo

Maman Biyu ƙawata,

Barka da sabuwar shekara, ko da yake ke yanzu ban ma san wace shekara kike ciki ba tunda kin koma cikin mutanen da wata goma sha uku gare su. Ya Addis, ya maigidan da aiki, ya 'yan biyuna? Wata huɗu shiru kamar an aiki bawa garinsu, sai hotonki na gani a Facebook ranar 7 ga wata kin lulluɓa da farin mayafi kamar 'yar Habasha, har da rubuta barka da Kirsimeti. Wato ke sau biyu kika ci kaza, mu nan ko gaisuwa ba mu samu ba. Allah Ya isa ban ce ba dai.

Hoton nan naki ne ya sa na ɗauki waya, don akwai maganar da ta tsaya min a maƙoshi. Yau 10 ga Janairu, bishiyar Kirsimeti tana nan a falo ban sauke ba, kuma ni da Baban yara mun kusa mako muna ja a kai. Shi kin san ɗan cocin ECWA ne gaba da baya, a gidansu ana gama sujadar shiga sabuwar shekara washegari komai ya koma kwali a ɗora saman wadirof. Ya ce yara sun koma makaranta, ƙurar hunturu ta maida bishiyar ja, balan-balan duk sun sace, wai baƙo ya shigo zai ce ƙazanta ce. Kuma ban ce ƙarya yake ba, ƙurar Jos ta bana sai wanda ya gani, kullum da safe sai na bi reshe-reshe da tsumma.

Amma bishiyar Mama ce. Ita ɗin dai ta roba mai gurguwar ƙafa da muke tokarewa da bulo, wadda kika taɓa ture wa kuna guje-guje da Yaya. Bayan rasuwarta da aka zo rabon kaya kowa ya kama atamfa da tukwane, ni ita na roƙa, da ɗan komin dabbobin nan na katako da jakin da kunnensa ɗaya ya karye. Wannan ce Kirsimeti ta farko da babu ita. Kuma Mama ba ta taɓa sauke kayan nan kafin 2 ga Fabrairu ba, ko sau ɗaya. In muka dame ta sai ta ce, ku a ina kuka ga an watse an bar mai jego ba ta yi arba'in ba? Muna yara dariya muke yi, sai bana na zauna na ƙirga da yatsu, daga 25 ga Disamba zuwa 2 ga Fabrairu kwana arba'in cif, ranar da Maryamu da Yusufu suka kai jariri Yesu haikali da 'yan tattabaru biyu, ranar da muke zuwa coci da kyandir a sa musu albarka. Har 1 ga Janairu ma cewa take ranar suna ce, kwana na takwas, shi ya sa take soya waina ta raba wa maƙwabta, Musulmi da Kirista.

Af, maganar waina ta tuna min, 'yar Maman Kwaya an sa rana, bayan Ista, da yaron nan mai kiɗan jita da kika ce ba zai yi hankali ba. To ya yi, har shago ya buɗe a Terminus. Ankon zumuntar mata kuwa kar ki tambaya, telan ya cinye mana Kirsimeti, mu bakwai da tsohon zani muka yi waƙa.

Ran Lahadi na tsaya na tambayi Fada bayan Misa. Ya ce a tsarin coci na yanzu lokacin Kirsimeti yana ƙarewa ne ranar bikin baftismar Yesu, bayan bikin zuwan masana taurari na 6 ga Janairu, amma barin kaya har 2 ga Fabrairu tsohuwar al'ada ce, a Foland har yau ana yi, ba zunubi ko ta wane ɓangare. Maƙwabciyata 'yar Anglika kuma ta ce su daren 5 ga wata suke saukewa, dare na sha biyu, wai Turawan Ingila har camfi suke da shi in ya wuce. Da na nuna wa Fada hotonki sai ya yi murmushi ya ce ai lissafin kalanda ne. A 1582 Paparoma Gregory na 13 ya gyara kalanda aka tsallake kwana 10, mutane suka kwanta 4 ga Oktoba suka tashi 15, Ingila ma ba ta bi ba sai 1752. Cocin Rasha da na Sabiya suka riƙe tsohuwar, yanzu ratar ta kai kwana 13, shi ya sa 25 ga Disambarsu take faɗowa 7 ga Janairunmu. Ƙibɗawan Masar da mutanenki na Habasha da nasu lissafin, shi ma ranar yake kaiwa. Armeniyawa kuma 6 ga wata suke haɗa haihuwa da baftisma gaba ɗaya.

Na dawo gida na zayyana wa Baban yara duka, na ce to ga shi wasu ma jiya-jiya suka fara, ni ce zan yi gaggawa? Ya yi shiru, can ya ce to a cire fitilun tagar waje a bar bishiyar. Na yarda. Daren nan sai na gan shi ya ɗauko gam yana liƙa kunnen jakin, bai ce min komai ba, ni ma ban ce ba, na shiga kicin na yi kukana.

Ke dai gaya min, da gaske azumin kwana 43 'yan Habasha suke yi kafin Kirsimetinsu, ba nama ba madara? Kuma kin yi ko kallo kawai kika yi, don na san ki da tsire. An ce 19 ga wata za su yi Timkat, bikinsu na baftismar Yesu, su fita da fararen kaya ana yayyafa ruwa, ki je ki ɗauko min bidiyo mai tsawo, ba irin na sakan biyar da kika saba ba. Ki kai 'yan biyu su gani.

Auta tana ta tambayar yaushe Anti za ta zo, ta ce in faɗa miki ta iya karanta Zabura 23 da ka. In za ki zo da Ista ki taho min da barkonon nan nasu da mayafi irin naki, fari mai jan baki. Dankali ya yi tsada amma zan ajiye miki rabin buhu da acca.

Ki gaida maigidan.

Taki,
Maman Auta