A fara ba mutum makulli kafin a tambaye shi ya gyaru

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya ya aiki ya jama'a. Na saurari shirinku na kwanakin baya kan masu kwana a titi a Amurka, kuma wallahi tun ranar abin yake cina, musamman da na ji wasu 'yan'uwa da suka bugo waya suna cewa ai su suka so, 'yan ƙwaya ne, malalata ne, wani ma har yana cewa ƙasar da kuɗi ke zube a ƙasa wa zai rasa ɗaki in ba lalatacce ba. Ban ga laifinsu ba don ni ma haka nake faɗa kafin in zo. Ni ɗan zango ne daga Kumasi, ina zaune a Bronx cikin birnin New York, kuma aikina gadin dare ne a wani bene da aka ware wa mutanen da a da suke kwana a titi, ni ne mai zama a teburin bakin ƙofa daga sha biyun dare zuwa takwas na safe, to ku bar ni in faɗi abin da idona ya gani.

Da farko abin ba ƙarami ba ne. Ƙidayar da gwamnatin Amurka ta yi a dare ɗaya cikin watan Janairun 2024 ta samu mutum sama da 770,000 ba su da muhalli, wasu a gidajen kwana na wucin gadi wasu a tanti wasu cikin mota wasu a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. A cikinsu akwai mai taɓin hankali akwai mai shaye-shaye, gaskiya ne, amma akwai wanda kuɗin haya ne kawai ya fi ƙarfinsa, aiki ya tsaya wata biyu mai gida ya kai shi kotu shi ke nan. A garin nan ɗaki ɗaya da falo sai ya cinye albashin mutum kaf.

Yadda ake yi a da shi ne a ce wa mutum ka daina sha tukuna, ka riƙa shan maganinka kan lokaci, ka zauna a gidan kwana ka nuna ɗa'a, in ka ci wannan jarrabawar a matsa da kai gaba, sai can a ƙarshe a ba ka ɗaki. To don Allah Malam, mutumin da yake kwana kan kwali cikin dusar ƙanƙara, ido ɗaya a buɗe don kar a sace masa takalmi, ina zai ajiye magani, wane agogo zai tashe shi ya je ganin likita, in ya nemi aiki wane adireshi zai rubuta? Yawanci a matakin farko suke faɗuwa su koma titi. A 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Sam Tsemberis ya kafa ƙungiyar Pathways to Housing a nan New York ya juya abin, ya ce a fara ba mutum gida, nasa na kansa da takardar haya da sunansa a jiki, ba sharaɗin sai ya daina komai, sannan a riƙa kawo masa taimako har ƙofa. Da aka bi diddigi na shekara biyar sai aka ga kashi 88 cikin 100 na mutanensa suna nan a gidajensu, a tsohon tsarin kuwa kashi 47 ne. Irin wannan gidan nake gadi. Mai ɗaki yana biyan kashi 30 cikin 100 na ɗan abin da yake samu, ko da kuɗin tallafin naƙasa ne, gwamnati ta cika sauran, kuma ba a ce masa wata shida ka tashi, gidansa ne muddin yana kiyaye ƙa'idar haya kamar kowa.

Akwai wani dattijo da aka kawo mana cikin hunturu, ya shekara da shekaru a titi. Ranar da aka miƙa masa makulli sai ya nemi igiya ya rataya shi a wuya, har yau a wuyansa yake. Abin da ya fi tsaya mini a rai, ma'aikaciyar da ke kula da lamuransa ta ce mini ya fi wata bai hau gadon ba, a ƙasa yake kwana gefen gado da takalmi a ƙafa, jakarsa ya yi matashi da ita, kuma kusan kullum wajen ƙarfe uku na dare sai ya sauko wurina ya tambaye ni wai gobe ma zan iya kwana a nan? In ce masa baba ɗakinka ne fa, ba mai korarka. Sai ya tsaya ya dube ni ya koma. A hankali ya daina saukowa. Wata rana da asuba ina shirin salla sai ga shi da kofin shayi ya kawo mini, ya ce shi ya dafa a kicin ɗinsa, yadda ya furta kicin ɗinsa ɗin nan sai da na ji ƙwalla. Yanzu yana zuwa asibiti da kansa ana duba masa ciwon suga, an nemo masa 'yarsa da suka rabu tuntuni suna waya.

Amma kar in ruɗe ku, bango huɗu kaɗai ba ya warkar da kowa. Abin da ke riƙe gidan nan shi ne mutanen da ke aiki a ƙasan benen, ma'aikatan jin daɗin jama'a da nas da likitan ƙwaƙwalwa da ke zuwa, su ne masu ƙwanƙwasa ƙofa in an kwana biyu ba a ga mutum ba, su raka shi ya sake katin shaida, su koya masa biyan kuɗin wuta, su shiga tsakani in ya yi rigima da maƙwabci. Akwai waɗanda har yanzu suna shan abinsu, a aljihun teburina akwai maganin Narcan da ake fesa wa mutum a hanci in ƙwaya ta yi masa yawa numfashi ya tsaya, na taɓa amfani da shi kuma Allah Ya sa ya farfaɗo, mun kuma taɓa rasa wani a ɗakinsa shi kaɗai, Allah Ya sani abin bai bar ni ba. Masu sukar tsarin suna kafa hujja da irin wannan, kuma a watan Yulin 2025 Shugaba Trump ya sa hannu kan umarnin janye goyon bayan gwamnatin tarayya daga tsarin a fara da gida. Ni dai a ganina inda ake samun matsala shi ne a ba da ɗaki a ƙi ba da isassun ma'aikata, mutum ɗaya a jibga masa mutane da yawa ga albashi kaɗan, shekara ɗaya ya gaji ya tafi. Wannan shi ya kamata a gyara, mayar da mutum titi ba zai raba shi da ƙwaya ba.

Ga Finland nan, tun 2008 suka mayar da shi manufar ƙasa, suka juya manyan gidajen kwana na Helsinki suka koma ɗakunan haya, masu rashin muhalli da suka kai wajen 18,000 a ƙarshen shekarun 1980 sun dawo ƙasa da 4,000 a 'yan shekarun baya. A nan Amurka ma tsofaffin sojoji da aka bi da su ta wannan hanyar yawan marasa muhalli a cikinsu ya ragu da fiye da rabi daga 2010.

Ni abin bai zo mini baƙo ba sam. A zangonmu in fatake suka sauka ko wani ya zo ba shi da kowa, maigida masauki yake fara ba shi da ruwa da abinci, sai ya huta ake tambayarsa daga ina kuma me ke tafe da shi, haka na ga kakana yana yi a zaurensa.

Roƙona Malam Edita ku sake yin shirin nan, amma wannan karon ku nemo wanda ya taɓa kwana a titi yanzu yake da ɗakinsa ku ba shi dama ya yi magana da bakinsa, ku haɗa da ma'aikaciya ɗaya cikin masu ƙwanƙwasa ƙofar nan. Akwai 'yan'uwanmu Hausawa daga Gana da Nijar da Najeriya da ke irin aikina a Bronx da Harlem, za su iya yi muku tafinta. Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku mai saurare kullum,
daga Bronx, New York