Rahoton Ayyukan Shekara: Tallafa wa Likitocin da Aka Ɗora wa Shugabancin Asibiti

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

Yawancin waɗanda suka nemi taimakon ƙungiya a bana likitoci ne da aka ɗauko daga ɗakin tiyata ko na haihuwa aka damƙa musu ofishin shugaban asibiti, alhali ba a taɓa koya musu karanta baucan kuɗi ba. Shi ya sa tarukan bitarmu suka karkata ga harkar kuɗi.

Asusun magani mai juyawa ne ya fi cin lokaci. A takarda ba shi da wuya: a sayo magani, a ɗora 'yar riba ta jigila da asara, kuɗin ya koma sayen wani. Abin da ke karya shi kuwa sananne ne: bashin ma'aikata, "a ba shi, ɗan gida ne", ɗibar kuɗin a sayi dizal ranar da janareto ya tsaya, da kwalayen da wa'adinsu ya ƙare a ƙuryar sito. Tun da kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda aka ware wa wutar aƙalla awa 20 a rana, ya koma naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, hannu ya ƙara saurin kaiwa ga asusun nan. Mun koyar da ajiye kati ga kowane magani a kan kanta, ƙidaya a ƙarshen wata tare da akanta da mai harhaɗa magunguna, da fara fitar da wanda wa'adinsa ya fi kusa. Marasa galihu a buɗe musu rajista daban, a san wanda zai biya musu tun kafin magani ya fita.

Mun kuma yi bitar dokar sayen kayan gwamnati ta 2007. Daddatsa kwangila ɗaya zuwa ƙanana don a kauce wa kwamitin bayar da kwangila laifi ne, ko da niyyar mai kyau ce, kuma shugaba ne zai tsaya gaban odita.

A ɓangaren inshorar lafiya, wadda dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa (NHIA) ta 2022 ta wajabta, kuɗin asibiti kan maƙale ne idan aka yi aikin da ke bukatar lambar amincewar kamfanin inshora ba a karɓo ta ba.

Sababbin shugabanni mun haɗa su da dattawan da suka riƙe kujerar suka yi ritaya. Tambayar da ta fi yawa: yaya za a zauna lafiya da ma'aikatan jinya da na ɗakin gwaji kan jadawalin aiki?

Likitocin asibitocin karkara ba su samu halarta sosai ba, domin wani shi kaɗai ne likita a asibitinsa. Bitar baɗi za a kai ta shiyya-shiyya, a ranakun Asabar.